Ina Muka Kai Ladan Taku?



Duk wanda ya tsaya a ƙofar masallacin Juma'a a garin nan ana dab da huɗuba zai ga abin da nake so mu tattauna. Babura a jere kamar tashar 'yan acaɓa, keke ya toshe kwana, motoci sun hau bakin kwata. Da yawan masu baburan nan kuwa, ko ba lasifika suna iya jin kiran salla daga tsakar gidajensu. Mutum zai yi wanka, ya sa farar riga, ya fesa turare, sannan ya buga babur saboda tafiyar da ba ta kai ta minti biyar a ƙafa ba, yana danna hon a cikin lungu kamar wanda ya ɗauko mai naƙuda. Haka ake yi da Magariba, haka ake yi da Isha'i. Har ta kai yaro ɗan shekara goma sha biyar yana jin kunya a gan shi yana takawa zuwa masallaci, wai kada a ce gidansu ba mashin.

Magana ɗaya nake ɗauke da ita: tafiya zuwa wurin ibada ita kanta ibada ce, kuma mun yi watsi da ita da hannunmu. Wasunmu sun kashe ta da babur. Wasunmu kuma, ranar da suka fito a ƙafa, sun mayar da ita gangami da nuna yawa. Duka biyun asara ce, kuma a gari irin Kafanchan na biyun yana iya jawo abin da ya fi asara.

Bari in fara da labarin wasu mutane na nesa, don wani lokacin sai ka ga baƙo yana sha'awar kayanka sannan kake sanin darajarsa.

A garin Shartir na ƙasar Faransa akwai wata tsohuwar majami'a da aka shimfiɗa wa wani zane na duwatsu a daɓenta tun farkon ƙarni na 13. Zanen da'ira ne, faɗinsa kamar mita 13. A cikinsa akwai siririyar hanya guda ɗaya tak, wadda ta murɗe ta yi zobe 11 kafin ta isa tsakiya. Idan aka miƙar da ita tsawonta zai kai kamar mita 260. Turawa na kiran irin wannan zane labirinti, mu kuma mu ce murɗaɗɗiyar hanya. Ba a ɓata a cikinta, domin ba ta da mararraba. Inda ka shiga nan za ka fito. Mai bin ta yakan cire takalmi, ya yi shiru, ya riƙa ɗaga ƙafa sannu a hankali yana addu'a ko yana tunanin halin da yake ciki. Hanyar takan kawo shi dab da tsakiya har ya zaci ya iso, sai ta sake karkata da shi can gefe. In ya isa tsakiya ya tsaya ya yi roƙonsa, sannan ya juyo ta inda ya zo. Mita 260 ɗin nan, wani sai ya yi rabin awa bai gama ba. Daga baya ma har suna aka sa wa irin wannan zane, ana ce masa hanyar Ƙudus.

Abin ya daɗe. A nan Afirka, a garin Shalif na Aljeriya, an samu irinsa a daɓen wata majami'a ta ƙarni na 4. An yi zamanin da Turawan suka manta da shi, har a wasu majami'un aka farfasa shi. Sai a farkon shekarun 1990 wata malamar coci a San Faransisko ta Amurka, Lauren Artress, ta ziyarci na Shartir, ta koma gida ta sa aka kwaikwayo shi. Daga nan abin ya bazu. Yau ana zana shi a harabar asibitoci, da makarantu, har da gidajen yari.

Kafin wani ya miƙe ya ce ga mai kawo mana bidi'ar Nasara, to ya zauna. Ban ce a zana komai a harabar masallaci ba, kuma duk wanda ya kawo wannan shawara ni ne na farko da zan ƙi. Ibadarmu ba a ƙirƙira ta, karɓar ta ake yi. Abin da nake so a lura da shi shi ne wannan: mutanen da suka ƙera mota da jirgi, waɗanda suka fi mu sanin gudu, sun wayi gari sun gane cewa zuciya ba ta nutsuwa da gudun inji. Sai da suka kashe kuɗi suka zana hanya a ƙasa don kawai su tilasta wa kansu tafiya a hankali. Hikimar abin kuma a fili take. Tunda hanyar ɗaya ce, ba ka tunanin ina zan bi, sai hankali ya samu sarari. Tunda kwana ta yi yawa, ba ka iya sauri. Ƙafa na aiki, baki ya yi shiru, zuciya ta samu damar magana da Mahaliccinta.

To mu fa? Mu an ba mu wannan kyauta sau biyar a rana, da alkawarin lada a kai, ba tare da mun sayi siminti ko fenti ba.

Ɗalibin Islamiyya ma ya san cewa ya tabbata a Buhari da Muslim, wanda ya kyautata alwala a gidansa ya fita ba abin da ya fitar da shi sai salla, kowane taku ana ɗaga masa daraja ana kankare masa zunubi. Ya tabbata an hana a zo salla da gudu, ko da an tayar da iƙama, an ce a zo cikin nutsuwa, abin da aka samu a sallata, abin da ya wuce a cika. Mutanen Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce su zauna a unguwarsu domin ana rubuta musu sawunsu. Akwai kuma sahabin da Ubayyu ɗan Ka'abu ya ba da labarinsa, wanda gidansa ya fi na kowa nisa amma jam'i ba ya wuce shi. Aka ba shi shawara ya sayi jaki saboda duhu da zafin rairayi, ya ƙi, ya ce yana so a rubuta masa zuwansa da komawarsa. Kuma aka tabbatar masa an haɗa masa duka. Jakin wancan zamanin ai shi ne babur ɗin yau. Masu takawa masallaci cikin duhu an yi musu bushara da cikakken haske ranar Alƙiyama. Ranar Idi kuwa sunna ce a tafi ta wata hanya a dawo ta wata.

Mu yi lissafi irin na 'yan kasuwa, tunda shi muka fi ganewa. A ce tsakanin gidanka da masallaci taku 200 ne. Zuwa da dawowa sau biyar, taku 2,000 ke nan a rana. A shekara 730,000. Wane ɗan kasuwa ne za a ce masa ga riba 730,000 a ƙofar gidansa ya ce a'a, shi ya fi son ya sayi fetur ya guje mata? Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa na kukan tsadar lita, amma ba mu fasa ƙona ta a kan tafiyar da kaza ma ke yi a ƙafa ba.

Dubi aikin Hajji. Ɗawafi kewaye bakwai ne a ƙafa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau bakwai ne, kusan kilomita 3 in an haɗa. Allah da ya fi kowa sanin halittarsa ya sanya tafiya a tsakiyar rukunin Musulunci na biyar. Alhazanmu sukan dawo suna ba da labarin yadda hawaye ya zubo musu a ɗawafi, sannan washegari su hau mota zuwa masallacin bayan gida. Kakanninmu kuwa tun daga ƙasar Hausa suke takawa, su ratsa Barno da Chadi da Sudan, wani ya shekara biyar a hanya, wani ya rasu a can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu a Sudan, waɗanda suka bi hanyar gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma har gobe ana jin Hausa a can. Mu kanmu a nan, kafin jirgin ƙasa ya iso Kafanchan a shekarun 1920, da me fatake suke zuwa ƙasar Jama'a in ba ƙafa da jaki ba? Jikokin masu taka ɗaruruwan mil ne yau suke ganin mita 300 ta yi musu nisa.

Lungunan unguwar nan da muke raina wa, su ne murɗaɗɗiyar hanyarmu. Waɗanda suka yanka filayen nan ba su miƙe su kamar layin dogo ba. Ka fito zaure, ka karya dama, ka bi bayan gidan wane, ka ratsa ta gindin mangwaro, ka ɓullo ta wajen mai shayi, sai ga masallaci. Wanda ya bi wannan hanya a ƙafa, yana istigfari ko salatin Annabi, kafin ya isa sahu ya sauke rigimar kasuwa, ya sauke faɗan da ya yi da iyali, ya sauke lissafin bashi. Wanda ya zo a kan babur kuwa jikinsa ne ya iso, hankalinsa na can baya yana haki. Shi ya sa za ka ga mutum ya kabbara amma har liman ya kai raka'a ta biyu yana tunanin ko ya kulle mashin. Muna ta kukan rashin khushu'i a salla, muna tambayar malamai magani, alhali wani ɓangare na maganin yana ƙarƙashin tafin ƙafarmu.

Ba nutsuwa kaɗai muka rasa ba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Mai takawa shi ke lura cewa dattijon da ke zama a dakali kwana uku ba a gan shi ba. Shi ke jin kukan yaro a gidan da maigidan ya yi tafiya. Shi ke yi wa tsohuwa mai ƙosai sallama, ya ji cewa jikanta na kwance. Mai babur ba ya ganin kowa, sai dai ya bar wa mutane ƙura. A da yaro yakan riƙe hannun ubansa zuwa Magariba, a hanya yake koyon yadda ake gaida manya, da gidan da ake rage murya in an zo wucewa, da addu'ar fita gida. Yanzu an ɗora shi a tankin mashin, abin da yake koya shi ne yadda ake zagin mai keke.

Kuma lungun da mutanen kirki suka daina bi, ba ya zama fanko. Wasu ne ke gajensa. Duk mun san kwanonin da samari ke taruwa suna shaye-shaye bayan Isha'i. Ba su zaɓi wuraren nan don komai ba sai don sun san ba dattijon da zai ɓullo. Da a ce sau biyar a rana iyayensu da malamansu na ratsawa ta nan, da tuni sun watse ko sun ji kunya.

Na san uzurorin, don kullum ana faɗarsu. Wani ya ce rana. Wani ya ce damina, kuma gaskiya ne ruwan kudancin Kaduna ba wasa ba ne. Wani ya ce lokaci. Tsoho, da mara lafiya, da mai lalurar ƙafa, da wanda ya taso daga gona ko wurin aiki mai nisa, ba da su nake ba, Allah ya ba su lada a kan abin hawansu. Addini bai hana hawa ba, Annabi ma yakan je Ƙuba wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Da majiya ƙarfi nake, masu iya yin awa biyu a tsaye a gidan kallon ƙwallo. Mai cewa ba lokaci, ya duba wayarsa ya ga minti nawa ya ba WhatsApp tsakanin kiran salla da iƙama. Akwai kuma uzurin da ba a faɗa da baki: girman kai. Wai Alhaji wane ya wuce a gan shi a ƙasa. To Alhaji, ranar da za a kai ka makwanci, a kafaɗar masu tafiya a ƙafa za ka je, ta cikin lungunan nan da kake gudu.

Uzuri ɗaya ne nake ɗauka da nauyi, shi ne tsoro. Wanda ya ga abin da ya faru a garin nan a watan Afrilun 2011, lokacin da kasuwa ta ƙone aka rasa rayuka, ko ya zauna a kulle cikin dokar hana fita ta awa 24 a Disambar 2016, ba za a zarge shi ba in gabansa na faɗuwa da fitar Asuba. Sai dai babur ba sulke ba ne. Abin da ke tsare unguwa shi ne idon mutanenta. Maƙwabta uku ko huɗu su riƙa ƙwanƙwasa wa juna ƙofa su fita tare da tocila, wannan ya fi mutum ɗaya a guje cikin duhu. Lungun da ake bi da Asuba ɓarawo ma yana shakkarsa.

Yanzu ga ɗaya ɓangaren, wanda na san zai ɓata wa wasu rai. Ranakun da muke fitowa a ƙafa da yawa, wato Idi da zagayen Maulidi, me muke yi da su? Ba zan shiga saɓanin malamai a kan Maulidi ba, kowa na da malaminsa. Yadda ake tafiyar nake magana a kai. A Kano ana yin Maukibin Ƙadiriyya duk shekara, ana hawan Dala ranar Takutaha, amma Kano gari ne da kusan kowa Musulmi ne. Kafanchan ba Kano ba ce. Muna zaune ne da Fantsuwam, da Kaninkon, da Bajju, da mutanen Kagoro, da Ibo da Yarbawan da jirgin ƙasa ya kawo kakanninsu kamar yadda ya kawo namu. Garin da rikicin watan Maris na 1987 ya tashi daga wajen taron wa'azin ɗalibai a Kwalejin Ilimi, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Garin da ya sake rikicewa a watan Mayun 1999 a kan bikin ba Sarkin Jama'a sanda. A irin wannan gari, taron mutane a kan titi magana ce, ko an buɗe baki ko ba a buɗe ba.

To wace magana muke faɗa wa maƙwabta idan aka sako samari a gaban zagaye, a kan baburan da aka cire wa salansa, suna wasan ganganci, wasu da sanduna, ana ihu ana dukan motar da ta nemi wucewa? Dattawa na baya suna salati, amma wanda ke bakin shagonsa ba salatin yake ji ba. Abin da yake gani shi ne an fito a nuna masa yawa. Matarsa ta fara kiran yara su shigo gida. Tafiyar da ta sa maƙwabcinka ya rufe shago don tsoro, ka tambayi kanka ko wane lada ya rage a cikinta. Annabin da ake cewa ana yi don ƙaunarsa shi ne ya ce hanya tana da haƙƙi, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Shi ne ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani. Mu kuma mun zama abin cutarwar da ke kan hanyar.

Za a ce ai su ma suna yi. Gaskiya ne, maƙwabtanmu Kirista na da nasu jerin gwanon, ranar Lahadin ganyen dabino da ranar Juma'ar da Katolika ke bin tafarkin gicciye, kuma su ma akwai samarinsu masu wuce gona da iri. Shugabanninsu su ja musu kunne. Amma wannan mujalla tamu ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In muka gyara namu, mun samu bakin da za mu yi magana a teburin sulhu.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Limamai su ware huɗuba guda a kan ladan taku da ladubban hanya, su kuma fara da kansu, domin ranar da aka ga liman da na'ibinsa suna takowa, rabin aikin ya ƙare. Kwamitocin masallatai su hana ajiye babur a bakin ƙofa, su bar wurin ga tsofaffi da masu lalura. Masu unguwanni su sa ido a kan masu cin lungu, waɗanda ke turo shago ko ramin masai cikin hanyar jama'a har mutum biyu ba sa iya gittawa. Matasa masu aikin gayya su yashe kwatoci kafin damina, don ba wanda zai iya zikiri yana tsallen ruwan ƙazanta da farar riga. Masu hali, maimakon ƙara lasifika ta biyar a kan hasumiya, su sa fitila mai aiki da hasken rana a kwanonin da suka fi duhu, matanmu masu zuwa Islamiyyar dare da tafsirin azumi su ma su amfana. Masu shirya zagaye kuma su hana babur shiga cikinsa kwata-kwata, su sa dattawa a gaba, su bar gefen titi ga masu wucewa, su sanar da hukuma da shugabannin maƙwabta hanyar da za a bi tun kafin ranar, kuma a rage sautin na'ura idan an zo kusa da asibiti ko coci.

Kai kuma mai karatu, gwada na mako guda. Ka fita minti goma kafin iƙama, ka bar mashin a zaure, ka sa waya a aljihu. Kada ka yanke, bi doguwar hanyar. Ka yi wa duk wanda ka tarar sallama, tsakanin sallama da sallama ka riƙe istigfari. Ranar Juma'a ka riƙo hannun ɗanka. Bayan mako ka auna sallarka da ta makon da ya wuce, ka kuma ƙirga mutum nawa ka gaisa da su waɗanda rabonka da su tun Sallar Layya.

Allah ya karɓi takunmu, ya zaunar da Kafanchan da kudancin Kaduna lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.